Bulalar Uba da Ƙwayar Uwa

Fim ɗin Elena na Andrei Zvyagintsev, wanda ya fito a 2011, yana buɗewa ne da reshen bishiya a bakin tagar wani gida a Mosko. Gari bai gama wayewa ba. Hankaka na zaune a reshen, haske na ƙaruwa sannu a hankali, kuma sai ka yi fiye da minti guda kana kallon wannan reshe kafin a nuna maka fuskar mutum. Kholop kuwa, na Klim Shipenko, wanda aka saki a ƙarshen Disambar 2019, bai da wannan haƙurin. Kafin ka gyara zama an kai ka gidan rawa, an nuna maka Grisha, ɗan attajiri, yana wulaƙanta mata, yana tuƙin ganganci, har ya yi wa ɗan sanda lahani da mota. Wanda ya ga farkon finafinan nan biyu zai rantse ba abin da ya haɗa su sai harshen Rashanci. Na farko fim ne mai nauyi da ya karɓi lambar yabo ta musamman daga alƙalan sashen Un Certain Regard a bikin Cannes na Faransa. Na biyu barkwanci ne na lokacin hutun sabuwar shekara, wanda ya tara sama da rubul biliyan 3 a gidajen sinima na Rasha, abin da babu fim ɗin Rasha da ya taɓa samu kafinsa.

Amma da na kalle su a jere, a mako guda, sai na ga ashe zance ɗaya suke yi. Kowannensu labarin mahaifi ne da Allah ya jarraba da ɗa maras amfani, ya kuma tashi tsaye ya fitar da ɗan daga ramin da ya haƙa wa kansa. Bambancin kawai shi ne ɗayan mahaifin yana da kuɗin yin hakan, ɗayar kuma ba ta da su.

Bari in fara da mai kuɗin, don labarinsa ya fi saurin faɗa. Pavel, uban Grisha, ya gaji da sayen ɗansa daga hannun hukuma. Wata aminiyarsa mai shirya shirye-shiryen talabijin ta haɗa shi da tsohon mijinta, wani masanin halayyar ɗan Adam mai rawar kai, wanda Ivan Okhlobystin ya fito a matsayinsa. Dabarar da suka yanke ita ce a gina ƙauye sukutum irin na shekarar 1860, a ɗauko 'yan wasa a sa musu tufafin wancan zamani, a dasa kyamarori a kowane lungu, a sumar da Grisha, ya farka a barga a ce masa shi bawan gona ne mai kula da dawaki. In ya yi gardama a ɗaure shi a zane shi. In wani abu ya kusa tona asiri, akwai maharba a ɓoye da allurar sa barci. Uban da mutanensa suna wani ɗaki suna kallon komai a allon talabijin, suna sauya labarin yadda suka ga dama.

Zaɓen shekarar 1860 ba haka kawai ba ne. A 1861 ne Sarki Alexander na Biyu ya soke tsarin da ya ɗaure manoma da ƙasar iyayen gidansu, ya 'yanta mutum wajen miliyan 23. Wato an jefa yaron cikin shekarar ƙarshe ta bauta. Ita kanta kalmar kholop tsohuwa ce, sunan wani rukunin bayi ne da aka daina lissafawa daban tun zamanin Sarki Peter na Farko, ta saura a bakin mutane a matsayin zagi ga mai rusunawa gaban manya. Su kuma irin su Grisha, 'ya'yan waɗanda suka kuɗance bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da aka yi gwanjon masana'antun gwamnati, Rashawa na ce musu mazhor. Kowa a can ya san labarinsu: motar ƙasaita, gudun wuce sa'a a tsakiyar birni, da uba mai ɗaga waya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne jama'a su yi tururuwa su biya kuɗi don su ga an tuɓe wa ɗaya daga cikinsu riga an shimfiɗa masa bulala.

Kuma gaskiya fim ɗin yana da ban dariya. Miloš Biković, ɗan ƙasar Sabiya da ya fito a Grisha, ya iya fuskar sangartaccen da bai taɓa jin an ce masa a'a ba. Inda ya fi ba ni dariya shi ne wurin da masu shirin suka ƙare da dabara, suka turo mayaƙan Mongol su kai wa ƙauyen hari. Tsakanin mamayar Mongol da shekarar 1860 akwai ɗaruruwan shekaru, amma sun san yaron bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, kuma bai ba su kunya ba. A nan ne ya hau doki ya ceci Liza, yarinyar da ya kamu da sonta, ya yi ta sukuwa har ya ɓulla gidan mai a bakin titin mota. Sauyin da ake nema ya samu: wanda a da ko a jikinsa in an hukunta wani a gabansa, yau ya sayar da ransa saboda wata.

To, a ajiye wannan a gefe tukuna.

Elena tsohuwar nas ce. Ta haɗu da Vladimir ne lokacin da rashin lafiya ta kwantar da shi a asibiti shekara goma da suka wuce, ta yi jinyarsa, daga baya suka yi aure. Dattijo ne mai dukiya, mai tsari, maras yawan magana. Zvyagintsev bai sa kowa ya bayyana mana irin auren da baki ba, sai ya nuna mana safiyarsu. Elena ta farka a ƙaramin ɗakinta, a kan ɗan gadon da bai kai nasa ba. Ta zauna gaban madubi ta gyara gashi. Ta shiga ɗakinsa ta yaye labule ta tashe shi. Ta dafa abin kari, ta kawo, ta kwashe, ta gyara masa shimfiɗa. Ba zagi, ba duka, har akwai ɗan wasa da sabo tsakaninsu. Sai dai duk wanda ya ga yadda Nadezhda Markina take tafiya a gidan nan, kafaɗa a ɗan sunkuye, hannu kullum da abin ɗauka, ya san matar nan ba ta taɓa ajiye aikin nas ba. An dai sauya mata ɗakin jinya ne.

Daga nan ta karɓi fanshonta, ta kama hanya. Wannan tafiya tana cikin abubuwan da suka fi zauna mini a rai. Mota, jirgin ƙasa na bayan gari, sannan tafiyar ƙafa ta wata siririyar hanya, ga manyan hasumiyoyin tashar wutar lantarki sun tokare sama, kiɗan Philip Glass na maimaita kansa kamar bugun zuciyar mai fargaba. Can ƙarshen hanya, a wani tsohon bene mai cunkoso, ɗanta Sergei yake zaune da matarsa da 'ya'ya biyu. Ba ya aikin fari balle na baƙi. Farkon ganinmu da shi yana tsaye a baranda yana zuƙar taba yana tofar da yawu ƙasa. Uwar ta miƙa kuɗi, ya karɓa kamar bashi ya biyo, ya buɗe firij ya ɗauko giya. Ɗan kuka ke nan mai jawo wa uwarsa jifa, sai dai shi ko kukan ba ya yi, ita ke yi masa.

Matsalar da ta taso ita ce ta jikanta Sasha. Ya isa shiga soja, kuma a Rasha aikin soja wajibi ne a kan samari, shekara guda tun daga 2008, amma ana ɗaga wa ɗalibin jami'a ƙafa. Sasha ba shi da makin shiga jami'a, don haka sai da kuɗi. Iyaye a can suna tsoron barikin ne ba don yaƙi kaɗai ba, har da azabar da tsofaffin kurata ke gana wa sababbi, abin da ya yi ƙaurin suna har yana da sunansa na kansa, dedovshchina. Elena ta roƙi mijinta. Ya ce ita ya aura, ba danginta ba, kuma ba ya ga dalilin da zai ciyar da ƙato mai lafiya da ya ƙi neman na kansa.

Abin da ya sa fim ɗin ke da ciwo shi ne Vladimir bai yi ƙarya ba. Sergei malalaci ne, Sasha kuma ba karatun ne a gabansa ba. Amma shi ma Vladimir yana da tasa. 'Yarsa Katya, wadda Elena Lyadova ta fito a matsayinta, ba ta aiki, ba ta zuwa gaishe shi, rayuwar holewa take yi da kuɗinsa, bakinta kuma kamar reza. Da bugun zuciya ya kama shi a wurin ninƙaya aka kwantar da shi, Elena ce ta nemo ta ta lallashe ta ta je dubiya. Katya ta je, ta yi ta yi masa baƙar magana, har tana cewa irinsu ba iri ne da ya kamata a yaɗa ba, shi kuwa sai dariya yake, yana jin daɗin kaifin da ya san daga wurinsa ta gada. So hana ganin laifi. Lalacin 'yarsa a idonsa wayo ne, na ɗan matarsa kuwa cuta. Ya dawo gida ya shaida wa Elena cewa gobe lauya zai zo, zai rubuta wasiyya: dukiya ta Katya ce, ita kuma za a riƙa ba ta abin kashewa duk wata har ƙarshen ranta. Batun Sasha kuma babu.

A nan sai mai kallo daga cikinmu ya ɗan tsaya, don lissafin gadonsu ba irin wanda muka sani ba ne. A shari'ar Musulunci matar mamaci mai ɗa tumuni take samu, 'ya ɗaya tilo rabi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya, wasiyyar ma ba ta wuce sulusi. A dokar Rasha kuwa mutum na iya karkatar da dukiyarsa da takarda, in kuma ya mutu bai bar takardar ba, mata da 'ya'ya suna sahun farko, a raba musu daidai wa daida. Wato tsakanin Elena da rabin dukiyar nan babu komai sai dare ɗaya da sa hannu.

Yadda aka ɗauki abin da ya biyo baya ne ya sa nake ganin Zvyagintsev da mai kyamararsa Mikhail Krichman sun san aikinsu. Ba kiɗan tashin hankali, ba gumi a goshi. Elena ta ɗauko littafin magunguna ta duba, kamar mai neman yadda ake haɗa miya. Ta ɗauko ƙwayoyin Viagra, waɗanda ta san zuciyar da ta taɓu ba za ta ɗauka ba, ta haɗa da magungunansa, ta kai masa da abin sha kamar yadda ta saba kullum. Ya karɓa ya haɗiye, ko kallon hannunta bai yi ba, don shekara goma ke nan yana karɓa daga hannun nan. Ta fita ta zauna tana jira. Da ta tabbata ya cika, ta tattara takardun da ya fara zayyana wasiyyar a kai ta ƙona, ta ajiye kwalin ƙwayar kusa da gado yadda likita zai ce dattijo ne ya yi wa kansa ganganci. Aikin nas tsaf, har da share wuri.

Ga inda finafinan biyu suka yi karo. Kholop ya ɗora sauyin a kan ɗa. Elena ya ɗora shi a kan uwa, ya bar ɗan yadda yake. Kuma ina ganin a nan ne ɗaya ya faɗi gaskiya ɗaya ya yi mana wayo.

Duba dai abin da Kholop ke so mu yarda da shi. Kuɗi ne suka lalata Grisha, to mene ne maganin? Ƙarin kuɗi. Uban da bai samu lokacin zama da ɗansa yana ƙarami ba, yanzu ya sayi ƙauye, ya sayi mutane, ya sayi ƙarni guda, ya ba da kwangilar tarbiyya kamar yadda ake ba da kwangilar gini. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; fim ɗin ya ce a'a, in kana da hali ko ya bushe akwai injin da zai tanƙwara maka. Talaucin da yaron ya ɗanɗana na haya ne. Bayin da ya tausaya wa 'yan wasa ne masu jiran albashi, wanda aka rataye a gabansa bai mutu ba. Bulalar ma da jama'a suka yi wa tafi, in ka bi ta zuwa mariƙinta, a hannun attajirin take. Ba kotu ce ta hukunta Grisha ba, ba ɗan sandan da ya raunata ba, ba matan da ya ci wa mutunci ba. Ubansa ne ya sake fitar da shi daga hannun doka, sai dai wannan karon ya yi abin cikin fasaha. Ɗan sandan nan kuwa, da labari ya yi nisa, ba wanda ya ƙara tunawa da shi, har da mu masu kallo. Ni kaina sai da na kashe fim ɗin na tuna.

Ba ina cewa ba abin da Kholop ya gano ba ne. Ya gano cewa tausayi ba ya shiga mutum ta hanyar wa'azi. Duk dabarun da masanin nan ya tsara a takarda sun wargaje. Abin da ya yi aiki shi ne wanda ba a tsara ba, wato Liza, wadda ba ta cikin manyan 'yan wasan da aka shirya masa. Wannan lura ce mai kyau. Amma da aka zo ƙarshe, bayan an ce masa doguwar suma ya yi, bayan ya gano gaskiya, sai muka gan shi ya shiga cikin masu shirin, ana kawo wani sangartaccen ana yi masa irin abin da aka yi masa. Gyaran hali ya zama sana'a, masu biya kuma su ne dai masu kuɗin. Har fim ɗin kansa ya bi sawu: an yi masa kashi na biyu a 2024, an kuma sake shirya labarin a wasu ƙasashe, ciki har da Faransa.

Elena ba ta da ƙauyen saya. Abin da take da shi ilimin magani ne da amanar mutumin da ke kwance. Su ta kashe. Kuma tambayar da fim ɗin ya bar ni da ita ita ce ko ta sauya ma kuwa. Matar da ta shiga coci lokacin da mijinta ke asibiti, ba ta ma san gaban wace sura ake kunna kyandir ba sai da ta tambaya, ta yi masa addu'ar samun lafiya da zuciya ɗaya; ita ce kuma bayan 'yan kwanaki ta miƙa masa ajalinsa a tafin hannu. Ban ga alamar mutum biyu a nan ba. Tun farko rayuwarta hidima ce: tana yi wa miji, tana yi wa ɗa. Ranar da hidimar biyu suka ci karo, ta zaɓi jini. Shi ma Vladimir jinin ya zaɓa da wasiyyarsa, ita dai ta riga shi ne da kwana ɗaya.

Akwai masu sukar Zvyagintsev da cewa ya zana talakawa kamar fara, masu cinye duk abin da suka sauka a kai, ya kuma ba attajiri da 'yarsa duk maganganun hankali. Sukar tana da ƙafa. Iyalin Sergei ba su da wani haske ko kaɗan a fim ɗin, kuma mutum na iya fitowa daga kallo yana jin tsoron matalauta maimakon tsoron talauci. Ni ma wurin ya tsaya mini a wuya. Sai dai ban ga inda ya wanke masu kuɗin ba. Gidan Vladimir sanyi ƙalau yake kamar ɗakin ajiye gawa, talabijin na ta surutu a ɗakinsa kamar yadda yake yi a ɗakin Sergei, shirye-shiryen banza iri ɗaya. Katya ta fi Sergei iya magana ne kawai. Wajen zaman jiran kuɗin mahaifi, tagwaye ne. Wanda ya ga Leviathan na 2014 ko Loveless na 2017 ya san mutumin nan ba ya raga wa kowane ɓangare.

Wani abu kuma da ke tsakanin finafinan shi ne shekara takwas. Elena ya fito ne a shekarar da dubban mutane suka cika titunan Mosko a watan Disamba suna zanga-zangar maguɗin zaɓe, lokacin da ake ta tambayar ina ƙasar ta dosa. Kholop ya zo a lokacin da sinimar Rasha ta ƙware wajen yin manyan finafinan nishaɗi masu kwantar wa jama'a hankali, kuma daraktansa shi ne wanda aka tura tashar sararin samaniya a Oktoban 2021 ya ɗauki fim a can. Ba zan ce wannan ya bayyana komai ba, amma ba na iya kallon ƙauyen bogin nan, da kyamarorinsa da ɗakin da ake juya rayuwar mutum daga nesa don amfanin kansa, ban ji wani abu ya ɗarsu a raina ba. Fim ɗin bai ga abin tsoro a wannan ɗaki ba. A wurinsa nan ne ƙauna take zaune.

Ƙarshen Elena ba ya sauri. Ta buɗe akwatin ƙarfen mijin ta kwashi kuɗi, ta kama hanyar nan dai ta jirgin ƙasa, jaka a ƙanƙame a ƙirji. Jirgin ya tsaya a hanya, ta taga ta hango farin doki kwance matacce a mararraba. Ta isa, aka zube kuɗi a tebur, aka buɗe kwalba, matar Sergei ta ba da albishir cewa ciki na uku ya samu. Ana cikin haka wuta ta ɗauke a unguwar duka, a gindin tashar lantarki, sai Elena ta damƙe hannun ɗanta a cikin duhu. Sasha kuwa, wanda aka yi kisan kai don a raba shi da bariki, ya sulale waje ya bi abokansa suka je faɗan daba a wani fili, aka yi masa lilis har ka ɗauka ya mutu. Bai mutu ba.

Lauya ya zo ya ce marigayi ya yi niyyar wasiyya amma bai rubuta ba, don haka raba daidai. Katya ba ta yi gardama ba. Ba ɗan sanda, ba bincike, ba mafarkin tsoro. Iyalin Sergei suka kwaso kayansu suka tare a gidan, yana zagayawa yana lissafin inda za a yanka ɗaki, yana tambaya ko akwai giya a firij. Jaririn aka kwantar a tsakiyar gadon da Vladimir ya cika a kai, yana ta wutsil-wutsil. Sasha, da tabon duka a fuska, ya fita baranda ya leƙa ƙasa ya tofar da yawu, daga bene mai tsada wannan karon. Kyamara ta koma waje, bayan gilashi, kan reshen nan na farko, ana jiyo talabijin daga ciki.